Ambaliyar Jidda: Abin da adadin mutum biyu da suka rasu bai faɗa ba

Wani mako a Nuwambar 2022 ya fara wa mutanen Jidda da murna, ya ƙare musu da kwasar laka.

Ranar Talata 22 ga Nuwamba 'yan ƙwallon Saudiyya suka doke Ajantina da ci 2-1 a gasar cin kofin duniya da aka yi a Qatar, abin da ba wanda ya zata. Sarki Salman ya ba da hutu a faɗin ƙasar ranar Laraba, ma'aikata da ɗalibai duka, duk da cewa ana tsakiyar jarrabawa. Ba a gama shagalin ba sai ga wata sanarwar hutun: an rufe makarantun Jidda da na garuruwan Rabigh da Khulais ranar Alhamis, saboda masu hasashen yanayi sun hango hadari.

Hadarin kuwa bai yi wasa ba. Da safiyar Alhamis 24 ga wata ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya. Cibiyar kula da yanayi ta ƙasar ta ce daga ƙarfe 8 na safe zuwa 2 na rana an auna milimita 179 a kudancin birnin. Jidda gari ne da ruwan da yake samu a shekara guda bai kai kashi ɗaya cikin goma na wanda Kano ke samu ba. Ke nan cikin awa shida ya sha ruwan kusan shekara uku.

Kafin azahar tituna sun zama rafuka. Bidiyoyin da suka cika Twitter da WhatsApp sun nuna ruwa na jan motoci yana jibge su wata kan wata a bakin layi. An jinkirta tashin jirage a filin jirgin sama na Sarki Abdul'aziz, aka kuma rufe babbar hanyar da ta haɗa Jidda da Makka na wasu sa'o'i, hanyar da kusan duk mai zuwa Umara daga Najeriya ko Nijar ya san ta. Hukumomin lardin Makka sun tabbatar da rasuwar mutum biyu.

Wannan adadin shi ne abin dubawa. Shekara 13 kafin nan, ruwan da bai fi rabin wannan ba ya kashe sama da mutum 120 a wannan birni. Tazarar tana da girma, kuma ba sa'a ce kaɗai ta kawo ta ba. Amma ba duk abin da ya kawo ta ne abin alfahari ba.

Damina a lokacin hunturu

Wanda ya saba da yanayin ƙasar Hausa zai yi mamakin jin ruwa a ƙarshen Nuwamba, lokacin da ƙura ta rufe Sakkwato da Damagaram, leɓe na tsagewa. A gaɓar Bahar Maliya lissafin ya juya. Ɗan ruwan da Jidda ke samu yakan zo ne daga Nuwamba zuwa Janairu, lokacin da zafi ya sassauta.

Yadda abin ke faruwa shi ne, iska mai ɗumi kan taso daga wajen Sudan ta bi tsawon tekun, tana ɗibar danshi, domin ruwan Bahar Maliya na daga cikin mafi ɗumi a tekunan duniya. Idan ta haɗu da iska mai sanyi da ta gangaro ta sama daga yankin Bahar Rum, sai hadari ya haɗu nan take ya juye abin da ya ɗauko a wuri ɗaya. Ana iya shekara ba a ga ruwan kirki ba, a wata shekarar kuma a samu na shekaru cikin safiya guda.

Shimfiɗar garin ma ba ta taimaka ba. Jidda na kwance ne a wani siririn fili, teku a yamma, duwatsun Hijaz a gabas. Ruwan da ya sauka a kan duwatsun ba ya nutsewa, sai ya bi kwaruruka, waɗanda Larabawa ke kira wadi, ya nufi teku. A da, lokacin da Jidda ke cikin ganuwarta, kwarurukan nan fili ne fetal. Bayan an rushe ganuwar a 1947, kuɗin mai ya shigo, garin ya faɗaɗa har ya kai kusan mutum miliyan huɗu a yau. Kwarin da ya shekara goma a bushe kowa fili yake ganinsa, sai aka yanka fulotai aka yi gini a ciki, wasu da takardar hukuma, wasu babu.

Ranar da alhazai ke fita Mina

Duk wanda ke zaune a Jidda a 2009 bai manta Laraba 25 ga Nuwamba ba. Ranar ta zo daidai da 8 ga Zulhijja, alhazai na kan hanyar Mina, hankalin hukuma da dubban jami'an tsaro da na agaji yana can wuraren aikin Hajji. Ruwan da aka yi cikin kimanin awa huɗu, rahotanni sun sa shi tsakanin milimita 70 zuwa 90.

Ɓarnar ba daga ruwan da ya sauka a kan rufin gidaje ta zo ba. Daga duwatsu ta zo. Igiyar ruwa mai haɗe da laka da duwatsu da tarkace ta biyo kwari ta afka wa unguwannin da ke gabashin babban titin Haramaini, musamman Kuwaiza da yankin Kilo 14. Mutane da yawa a cikin motocinsu suka rasu, wasu a kan titin, wasu a gadar ƙasa da ta cika maƙil. Ruwan ya shiga Jami'ar Sarki Abdul'aziz ya lalata ɗakunan gwaje-gwaje. Dubban motoci suka salwanta. Mazauna unguwannin sun daɗe suna cewa mamatan sun fi adadin da hukuma ta bayar, tun da akwai baƙi da yawa a cikinsu da ba su da takardun zama, ba kuma wanda zai je ya ba da cigiyarsu.

A kwanakin da suka biyo baya wani tsoron ya sake kama garin. Da yake unguwanni da yawa ba su da bututun kwashe ƙazanta, shekara da shekaru tankoki ke yashe masai su kai wani kwari a gabashin birnin su juye, har wurin ya zama tafki. Mutanen Jidda, da ba su rasa barkwanci, suka raɗa masa suna Tafkin Almiski. Bango ɗaya ne ya tare shi. Da ya ɓalle, da abin da zai gangaro cikin gari ba ruwan sama ba ne kaɗai.

Abin da ya faru bayan nan sabon abu ne a Saudiyya ta wancan lokacin. Matasa maza da mata suka fito aikin sa kai, suna raba abinci da barguna kafin hukuma ta farga. Dubban mutane suka shiga wani zaure a Facebook suna neman a ceto Jidda, suna tambaya ƙarara: ina kuɗin magudanan da aka yi ta sanarwa suka tafi? Jaridun ƙasar, waɗanda ba a san su da taɓa manya ba, su ma suka ɗauka.

Sarki Abdullah bai yi ƙoƙarin ɗora wa ƙaddara laifi ba. A umarnin da ya fitar kwanaki kaɗan bayan abin, ya nuna cewa irin wannan ruwa na sauka a ƙasashe da dama da ba su kai Saudiyya wadata ba, kuma ba a yin irin wannan asara. Ya ba da diyyar riyal miliyan ɗaya ga iyalan kowane mamaci, ya kafa kwamitin bincike ƙarƙashin gwamnan Makka, Yarima Khalid al-Faisal. Aka kama jami'ai da 'yan kwangila, aka gurfanar da su kan cin hanci da jabun takardu da amfani da muƙami ba bisa ƙa'ida ba. Shari'ar ta ja shekaru, aka ɗaure wasu, aka wanke da yawa. Tafkin Almiski kuwa an ƙafar da shi a 2010.

Ba a kai ga gyara ba ruwa ya dawo. Ranar 26 ga Janairun 2011 aka yi milimita 111 cikin 'yan sa'o'i, madatsar Ummul Khair ta ɓalle, mutum goma suka rasu. Lokacin ya zo wa gwamnati a karkace: ba a yi mako biyu da shugaban Tunisiya Ben Ali ya gudo ya sauka a Jiddan ba, kuma kwana ɗaya ke nan da fara zanga-zanga a Masar. Da wasu mutane suka fito titi a Jidda bayan sallar Juma'a suna kuka da lalacewar ababen more rayuwa, nan take aka kwashe gommai daga cikinsu. Amma saƙon ya isa inda aka aika shi.

An tare dutse, an bar titi

Daga nan ne aka yi aikin da ya yi rana a ambaliyar 2022. Aka sa kamfanin mai na Aramco ya sa ido a kan shirin, aka ɗauko kamfanin injiniyoyi na Amurka, AECOM, aka kashe biliyoyin riyal wajen gina madatsun ruwa a bakin kwarurukan gabas da faɗaɗa manyan magudanan da ke kai ruwa teku. Manufar a bayyane take: kada ruwan dutse ya sake shigowa gari da ƙarfinsa.

A nan dole a yaba. Igiyar da ta share Kuwaiza a 2009 ba a ga irinta ranar Alhamis ba, duk da ruwan ya ninka. Gargaɗin da aka bayar tun daren Laraba shi ma ya yi aiki. Rufe makarantu kaɗai ya cire dubban motocin kai yara daga kan titi a daidai sa'o'in da ruwan ya fi ƙarfi. A ambaliyar birni mota ce ta fi zama kabari, don haka duk motar da ta kwana a gida rai aka tsirar.

Sai dai madatsa ba ta tare ruwan da ya sauka a tsakiyar gari. Shi wannan sai lambatu da kwalbati a kowane layi, su kwashe shi su miƙa wa babbar magudana, kuma nan ne Jidda ta rage baya. Garin shimfiɗe yake, gangarensa zuwa teku kaɗan ne. Kwalta da siminti sun rufe ƙasa. Inda ma ba su rufe ba, ruwan ƙarƙashin ƙasa ya taso kusa a unguwanni da dama saboda yoyon ramukan masai da na bututu, ƙasar ba ta da sauran wurin shan wani. Gadojin ƙasa da aka yi don rage cunkoso su ne wuri mafi zurfi a kan titi, can ruwa ke taruwa. Abin da ya rage sai a kawo injinan zuƙa da tankoki bayan an ɗauke. Kududdufan da suka kwana biyu kuma gidan sauro ne, a garin da ya san zazzaɓin dengue tun shekarun 1990.

Masu kare hukuma na da hujja idan suka ce babu birnin da zai sha milimita 179 cikin awa shida titunansa su zauna a bushe. Gaskiya ne, kuma ba a gina lambatu don ruwan da ake gani sau ɗaya a shekaru masu yawa, kuɗin ba zai biya ba. Matsalar ita ce Jidda kan cika ko da ruwan bai kai rubu'in wannan ba, kuma "sau ɗaya a shekaru masu yawa" ya fara zama magana mai wuyar karewa: 2009, 2011, 2017, ga kuma 2022. Masana sun daɗe da sanin cewa duk ƙarin ɗumi na digiri ɗaya na sa iska ta riƙe ƙarin danshi kusan kashi 7 cikin 100. Ba za a ɗauki hadari guda a ce sauyin yanayi ne ya kawo shi ba, amma wanda zai auna faɗin kwalbati yau da lissafin ruwan shekarun 1980 ya san yana yaudarar kansa.

Unguwannin da ruwa bai tarar ba

Akwai wani dalilin da ba a cika haɗa shi da labarin ambaliyar ba. Unguwanni da yawa da aka saba jin kukansu duk lokacin da aka yi ruwa, a 2022 babu su.

Tun ƙarshen 2021 hukumomi suka fara rusau mafi girma a tarihin birnin. Akan wayi gari a ga an fesa kalmar "ikhla", wato a tashi, da jan fenti a bangon gida, a wasu wuraren wa'adin kwanaki ne kawai kafin a yanke wuta katafila ta iso. Gulail, Petromin, Karantina, Sabil, Kandara, Nuzla Yamaniyya, duk an bi ta kansu. An dakata a watan azumi, bayan salla aka ci gaba, kuma cikin jerin da aka fitar na zagaye na gaba har da Kuwaiza da Kilo 14, wuraren da suka fi ba da gawa a 2009. Ƙungiyar Amnesty International ta ce shirin ya shafi unguwanni sama da 60 da mutum kimanin rabin miliyan.

Gwamnati ta ce wuraren matattarar miyagun ƙwayoyi da masu laifi ne, layukansu ba sa shigar motar kashe gobara ko ta asibiti, kuma ba a gina su bisa tsari ba. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Wasu gidajen a kan hanyar ruwa suke, kuma ba mai hankalin da zai ce a bar mutane a bakin kwari. Amma rusau ɗin ya zo ne daidai lokacin da Yarima Muhammad bin Salman ya ƙaddamar da shirin sabunta tsakiyar Jidda na riyal biliyan 75 a Disambar 2021, mai ɗauke da filin wasa da gidan opera da otal-otal a bakin teku. Yawancin tsofaffin unguwannin kudu da tsakiyar gari ba don ambaliya aka tashe su ba.

Wannan ɓangaren ya shafi Hausawa kai tsaye. Ɗaruruwan shekaru mutanen Afirka ta Yamma ke bin hanyar Sudan su tsallaka teku zuwa Hajji, wasu su zauna. Jikokin waɗanda suka samu takardar ɗan ƙasa su ne ake ji da sunayen Hausawi da Barnawi da Fallata. A gasar kofin duniya ta 2018 'yan wasa uku ne masu sunan Hausawi a tawagar Saudiyya, har da kyaftin ɗinta Usama. Amma akwai dubbai da ba su samu wannan gatan ba: waɗanda aka haifa a Jidda ba su taɓa ganin Kano ko Maraɗi ba kuma ba su da takardar ko'ina, da waɗanda suka je Umara suka zarce neman kuɗi, waɗanda a gida ake kira 'yan takari. Unguwanni irin su Karantina da Gulail su ne inda irin waɗannan ke samun ɗaki mai araha, da mai tuwo, da wanda zai yi musu magana da harshensu.

Diyyar rusau ta masu gida ce 'yan ƙasa. Ɗan haya baƙo, ko yana da igama ko ba shi da ita, nasa shi ne ya kwashe kayansa. Kuɗin haya ya tashi a sauran unguwanni saboda yawan masu nema. Wasu suka koma gefen gari, wasu suka cunkushe a ɗakin dangi, wasu suka bar birnin gaba ɗaya.

Don haka idan aka ce mutum biyu kacal suka rasu, ana faɗin gaskiya game da madatsu da gargaɗi. Ana kuma faɗin wani abu game da birnin da ya rage yawan talakawan da ke kan hanyar ruwa ta hanyar kawar da su, ba tare da ya tanadar wa baƙin cikinsu wurin komawa ba. Ruwan Alhamis ya sauka a kan filayen ɓaraguzai a inda shekara guda kafin nan akwai gidaje da shaguna da masallatai.

Wa zai yi tambaya yanzu?

Gyaran da aka yi bayan 2009 da 2011 hayaniyar jama'a ce ta haife shi. Wannan ƙofar ta ƙuntata sosai. Lauya Walid Abul Khair, wanda ya yi yunƙurin kai hukumar birnin kotu a madadin waɗanda ambaliyar 2009 ta shafa, yana kurkuku tun 2014, inda aka yanke masa shekara 15 kan wasu tuhume-tuhume da suka danganci fafutukarsa ta kare haƙƙin ɗan Adam. A watan Agustan 2022 wata kotu ta yanke wa Salma al-Shihab, ɗalibar digiri na uku a Ingila, shekara 34 saboda abubuwan da ta wallafa a Twitter. Bayan irin wannan hukunci, mutum zai iya ɗora bidiyon motarsa tana iyo, amma zai yi tunani sau biyu kafin ya rubuta sunan wanda ya ci kwangilar lambatun layinsu.

Ba wai an daina hukunta manya ba ne. A Nuwambar 2017, lokacin da aka tsare 'ya'yan sarauta da ministoci da attajirai a otal ɗin Ritz-Carlton na Riyad, kafofin labaran Saudiyya sun ce za a sake buɗe fayil ɗin ambaliyar Jidda. Cikin waɗanda aka kama har da Adil Faƙih, ministan tattalin arziki a lokacin, wanda shi ne magajin garin Jidda a 2009. Sai dai ba a yi shari'ar a bainar jama'a ba. Mutumin Kuwaiza da ya rasa 'ya'yansa bai ji wanda ya sa hannu a takardar fulotin da aka yanka a cikin kwari ba. Bayan kamen da mako biyu da 'yan kwanaki, ruwa ya sake tsayar da garin.

Zuwa ranar Asabar, da Poland ta ci Saudiyya 2-0, an buɗe manyan tituna, hira ta koma kan ƙwallo. Hukumar birnin ta ce waɗanda suka yi asara su kai kokensu a tantance domin biyan diyya. Mai gida ɗan ƙasa zai je da takardunsa. Mai mota da ya yi cikakkiyar inshora zai nufi kamfaninsa, wanda ya yi mai arha, ta biyan wanda aka buga kawai, sai dai ya nemi bakanike. Matar da ke sayar da abinci a ɓoye, wadda ruwa ya shiga ɗakin da ta koma bayan rusau ya jiƙa katifa da buhun shinkafa, ba za ta doshi ofishin gwamnati ba, domin tambayar farko da za a yi mata a bakin ƙofa ita ce igama.

A ranar kuma lokacin ruwan Jidda bai wuce ba, da sauran Disamba da Janairu a gaba.